Kayan Sama a Babban Ruwa

Kwali arba'in da biyu na bandar tarwaɗa, kowanne an danna shi an ɗaure da igiya sau biyu. Abin da na mallaka ke nan a duniya a ranar, in aka cire rigar jikina da ɗakin haya a unguwar Hausari ta Maiduguri inda na baro matata da 'ya'yanmu biyu. Don in haɗa su, na sayar da rumfata ta Kasuwar Kwastam da kayan cikinta, na sayar da keken da nake bayarwa haya, na zuba abin da na tara a shekara biyar ina sarin kifi. Ban bar komai a baya ba. Idan kwalayen nan suka isa Maiduguri, na zama dila mai cin gashin kansa. Idan ba su isa ba, zan koma dako a kasuwar da aka san ni da rumfa.

Shekara biyar ɗin nan duk a bakin ruwa nake tsayawa. In hau mota zuwa Baga a bakin Tafkin Chadi, in jira jirage su iso, in saya a hannun waɗanda suka tsallako da shi. Na san a can cikin tsibirai suke sayensa, wurin masunta da matan da ke banda shi, kusan rabin abin da suke sayar mini. Kullum ina kallon ribar da suke ci a kaina, har na ce ni ma ƙafa gare ni. An gaya mini ruwa ya fara lalacewa, akwai masu bindiga da ke yawo cikin ƙananan jirage masu gudu, suna kwashe kaya da inji, wani lokaci har da mutane. Na ji, ban ƙaryata ba. Amma ina ganin jirage suna isowa kullum, kuma ni tafiya ɗaya nake so.

Kwana tara na yi a wani tsibiri ina saye, ina tsaye a kan masu ɗauri. Damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba, tafki ya cika, sama tas. Jirgin da zai dawo da ni na katako ne, dogo, da inji ɗaya a baya. Mai shi tsoho ne da aka haifa a cikin ruwan nan, kowa Baba yake ce masa, Hausarsa da nauyi amma ba ya ɓata kalma. Ƙanensa ne ke tsayawa a goshin jirgi da doguwar gora, shi ma gemunsa ya fara furfura, kuma yakan wuni bai ce uffan ba. Fasinja mu biyu ne: ni da wata 'yar kasuwa daga kudancin Borno da ke zaune a unguwar Moduganari ta garinmu, wadda ta shekara ashirin tana wannan hanya. Mama ake kiranta. Sauran kayan na wasu diloli biyu ne da ke jira a Baga.

Duk mai sarin banda ya san abu ɗaya game da lodi: kwalin ƙasa shi ke shan wuya. Ruwan da ke tsattsafowa ta katako shi yake fara samu, nauyin na sama kuma yana farfasa kifin. Banda in ta farfashe, mai saye ba ya kallonta da daraja, sai ka auna ta a kwano kamar gari. Don haka da asuba na je wurin masu lodi na ba su na goro, na ce nawa a bar shi sai ƙarshe. Suka jera na Mama da na mutanen Baga a cikin jirgi har ya cika baki, sannan suka ɗora nawa a kai, sahu uku, goma sha huɗu a kowane sahu. Na ciro sabon tamfol da na sayo tun daga Maiduguri, mai launin ruwan lemo, na lulluɓe su na ɗaure tam. Na ja da baya na duba, raina ya yi fari.

Baba ya iso da jarkar fetur a hannu, ya tsaya ya ɗaga kai. Ɗan Yerwa yake ce mini, wato ɗan Maiduguri.

"Ɗan Yerwa, bene kake gina mini ko lodi?"

"Baba, jirginka zai ɗauka. Dubi yadda ya zauna a ruwa."

"Ɗauka zai ɗauka. Ba nauyi nake magana ba, tsawo nake magana." Ya taɓa tamfol ɗin da yatsa. "Wannan kuma fa? Biki za mu?"

Mama tana zaune a kan buhu tana ɗaura ɗankwali. Ta ce, "Ƙyale shi, Baba. Sabon shiga ne. Ya ba yaran lodi cin hanci don a danne nawa, yana tsammani ban gani ba."

"Mama, goro na ba su."

"Goron da ya sa kayana suka koma ƙasa. Allah ya amfana, ƙanena."

Baba ya ce in bar sahu ɗaya, jirgin jibi ya taho da shi. Na ce ba na rabuwa da kayana. Ya ce to a cire tamfol a rufa tsofaffin tabarmi kamar yadda kowa ke yi. Na ce tabarma ba ta tare feshin ruwa. Na ƙara masa wani abu a kan kuɗin jirgi. Ya dube ni, ya dubi kayan, ya karɓa. Muka tashi hantsi bai yi ba.

Da farko ta cikin hanyoyin ciyawa muka bi, doguwar ciyawar ruwa ta fi mutum tsawo a hagu da dama. Bayan kamar awa guda sai ciyawar ta buɗe, muka faɗa abin da suke kira babban ruwa. Lokacin zuwa na ratsa shi ina kwance da zazzaɓi a ƙasan jirgi, don haka wannan ne ganina na farko. Ni mutumin Maiduguri ne, ƙasarmu a shimfiɗe take, na ɗauka na san fili. Amma a gari kullum akwai abin da ke tare maka ido, katanga ko dogonyaro ko tulin yashi. A nan babu komai. Ruwa ne har inda ya haɗu da sama, ta kowane gefe.

Hankalina ya kwanta. Na ce wa Baba, "Ai nan babu mai yi mana ba-zata. Duk wanda ya taho za mu gan shi tun yana ƙasar Chadi."

Ya yi dariya ta hanci. "Juya ka dubi inda muka fito."

Na juya. Ciyawar tana nan kamar koren zare, da kawunan wasu bishiyoyi uku na tsibirin a bayanta. Ya ce in ci gaba da kallo. Ina kallo zaren ya nutse. Bishiyoyin suka rage kawuna kawai a kan ruwa, ba gindi. Can su ma suka tafi, sai hayaƙin masu banda ya rage.

"Nisa ne ya cinye su," na ce.

"Hau kan benenka ka duba."

Na hau kan kwalayen na miƙe. Ga kawunan bishiyoyin nan sun dawo, har da ciyawar. Na sauko, sun ɓace.

"Ruwa doro gare shi," in ji Baba. "Kana zaune a nan, idonka ba ya wuce tafiyar awa guda a ƙafa. Bayan nan duk abin da ke ƙasa-ƙasa yana bayan doro. Abu mai tsawo ne kawai ke leƙowa. Wanda ya hau sama ya fi gani." Ya gyara riƙon inji. "An kuma fi ganinsa."

Na gane inda maganar ta nufa. Mama ta miƙo mini gasasshiyar masara ba tare da ta dube ni ba.

Rana ta kusa tsaka lokacin da ƙanen Baba ya ajiye gorarsa ya hau kan kayana, kamar yadda yake yi lokaci-lokaci. Wannan karon bai sauko da wuri ba. Ya kare ido da tafin hannu yana duban gabas ta arewa. Sai ya durƙusa, ya yi wa yayansa magana da yarensu, kalma uku ko huɗu.

Baba ya kashe inji.

Shirun ya faɗo mana a ka. Ruwa yana ɗan marin katako. Na dubi inda mutumin ya duba, ban ga komai ba sai layin nan da hasken rana yana rawa a kansa. Iska tana busowa daga can. A cikinta, can ƙasa-ƙasa, na ji wani abu kamar ƙudan zuma a cikin tulu.

"Masunta ne?" na tambayi Baba.

"Masunci ba ya ƙona fetur haka."

"To 'yan kasuwa irinmu."

"Jirgin kaya tsawo gare shi, da mun gan shi daga nan. Wannan kawuna kawai ƙanena yake gani. Ƙarami ne, ba kaya a ciki, mutane ne. Kuma hancinsa a kanmu yake."

Mama ta ce, "Ya Yesu," a hankali, ta fara tura ƙullin kuɗinta cikin zani.

"Sojoji fa?" na ce.

"Mai yiwuwa. Kana so mu tsaya mu tambaye su?"

Baba ya juya. Ya nuna kudu da haɓa. Ya ce akwai ciyawa a can, tafiyar awa guda ko ƙasa da haka, kuma ya san wata kafa a cikinta da baƙo ba zai samu ba. Amma injinsu ya fi namu. Idan muka juya suna ganinmu, za su yanke mana hanya kafin mu kai rabi.

"To me muke jira? Ta da inji!"

"Saurara, ɗan Yerwa. Su a ƙasa suke zaune kamar mu. Ba su ga jirgina ba tukuna, ba su ga mutum ba. Abu ɗaya suke gani ya leƙo ta bayan doro." Ya ɗaga kai ya dubi tamfol ɗina. "In ya ɓace musu, inda suka gan shi na ƙarshe za su nufa. Mu kuma mun bar wurin."

Na riga kowa hawa. Na kwance igiya, muka janye tamfol ɗin ni da ƙanen Baba, muka cusa shi a ƙasa. Na ce, "Shi ke nan, an cire."

Ƙanen Baba ya kwanta rub-da-ciki a kan kwalayen, ya ɗora haɓa a kan na ƙarshe, ya duba. Ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Yana ganinsu," in ji Baba. "In ido a wannan tsawon yana ganinsu, su ma suna ganin wannan tsawon. Kwali fari ne a rana. Sahun sama ya sauka."

"Ya sauka ina?"

Ya dubi ruwa. Muka dudduba. Jirgin cike yake. A goshi, inda ƙanensa ke tsayawa, muka cusa uku. Inda muke ajiye ƙafa ni da Mama, muka cusa uku. Saura takwas a sama, ba wurin da za su shiga sai ruwa.

"Baba, dakata. Kwali yana iyo. In muka zubar, ai mun nuna musu hanyarmu."

Har yau ina jin kunyar yadda na ji daɗin wannan hujja. Na ɗauka na ceci kayana.

"Shi ya sa za a zubar a nan, kafin mu juya. Su zo su same su. In masu son kaya ne, za su tsaya tsinta. Kowane kwali da suka tsaya ɗauka, mu muna tafiya."

"To a zubar da na mutanen Baga. Ba sa nan. Ko a raba, kowa a ɗauki nasa kaɗan."

Mama ta juyo gaba ɗaya. "Ka tono su mana. Suna ƙarƙashin naka. Kai ka biya aka sa su can."

"Mama, duk abin da na mallaka ke nan."

"Na sani, ƙanena. Ni ma 'ya'ya huɗu na bari a gida. Ɗaga."

Ƙarar nan ta cikin iska ta daina zama abin da sai ka kasa kunne. Na sa hannu a igiyar kwalin farko. Na san shi, na san matar da na saya a wurinta, manyan tarwaɗa ne baƙaƙe masu maiƙo, irin waɗanda masu otal ke rububi. Na ce bismillahi na tura. Ya faɗa da ƙara, ya nutse rabi, ya taso yana juyi. Na biyu ya fi sauƙi. Muna turawa ina ƙirgawa a baki, ban san ina yi da ƙarfi ba sai da Mama ta ce, "Takwas," tare da ni.

Ƙanen Baba ya sake kwanciya a kan sahu na biyu. Na tsaya ina kallon bayan kansa kamar mai jiran hukuncin alƙali. Ya daɗe. Ya ɗaga yatsa.

"Sun matso," in ji Baba. "Wannan ma."

"Rabi. Baba, rabi. A bar na tsakiya."

"Da wa kake ciniki? Da ni?"

"Bakwai. In ya duba bai gan su ba, a bar sauran."

"Ko ɗaya ya rage a tsaye, tsawonsa ɗaya da goma sha huɗu." Muryarsa ba ta tashi ba. "Ni na karɓi kuɗinka na bar ka ka yi wannan gini, laifina ya fi naka, don ni na sani. Amma injin nan shi ne gonata, kuma mutum huɗu ne a jirgin nan. In ba za ka iya ba, matsa ƙanena ya yi."

Ban matsa ba. Na ga in dai za a zubar, gara hannuna ya zubar. Mu uku muka yi ta turawa, Mama tana nishi tana kiran sunan Ubangiji, ni ina salati, kwalaye suna faɗawa hagu da dama. Wani kwalin ya fashe a bakin jirgi, kifi ya watse a ruwa baƙi-baƙi. Ashirin da biyu. Da na ɗago, ruwan da ke kewaye da mu ya zama kamar an watsa kasuwa.

Ƙanen Baba ya kwanta a kan sahun da ya rage, wanda bai fi kamu biyu a kan bakin jirgi ba. Ya duba, ya sake dubawa. Ya girgiza kai. Muka ja tsofaffin tabarmin nan da na raina muka rufa a kai.

"Kowa ƙasa," in ji Baba. "Kada wanda ya miƙe. Ɗan Yerwa, cire farar hular nan."

Ya ja igiyar inji. Bai tashi ba. Ya sake ja. Ya yi tari ya mutu. Na ji Mama ta kama gefen rigata ta murɗe. A ja na uku ya kama, Baba ya kwantar da jirgin ya juya hancinsa kudu, shi kansa a tsugune, hannu ɗaya a sama yana riƙe da inji.

Wannan tafiyar ita ce mafi tsawo a rayuwata. Jirgin ya yi sauƙi, yana gudu fiye da ɗazu, amma a babban ruwa ba ka da abin auna gudu. Gaba layi, baya layi. Kwalayena suka yi ta ƙanƙancewa a bayanmu har suka koma ɗigo-ɗigo, sannan doron ya rufe su. Ina zaune a kan wasu daga cikin shidan da muka cusa, ina jin kifi yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashina, ba yadda zan yi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne rashin gani. Ina so in san inda suke. Hanya ɗaya ce ta sani, mutum ya miƙe tsaye, kuma miƙewar ita ce za ta nuna mu. Sau biyu gwiwata ta fara ɗagawa da kanta. Na biyun Mama ta dafa kafaɗata ta mayar da ni.

"Zauna. In sun zo za ka gan su har ka gaji."

"Iska daga wajensu take," Baba ya ce, kamar mai ba yaro haƙuri. "Mu muna jin su, su ba sa jin mu. Ka roƙi Allah kada ta juya."

Can ya kashe inji don ya saurara. Ƙarar tasu tana nan, ta fi ɗazu kauri, amma ta koma bayanmu ta hagu. Ya tayar, muka ci gaba. Na zuba wa layin baya ido har hawaye suka zubo mini saboda hasken. Duk ɗan tsuntsun da ya sauka a ruwa sai gabana ya faɗi.

Karo na biyu da ya kashe, ba mu ji komai ba.

"Sun tafi?" na ce.

"Sun tsaya. Sun iske kayanka."

Ban san abin da zan ji ba. Wasu mutane suna can suna loda guminna na shekara biyar a jirginsu, ni kuma ina addu'a Allah ya sa su tsaya su kwashe duka, kada su bar ko ɗaya.

Ƙanen Baba ne ya fara nuna gaba da hannu. Kan wata bishiya ya leƙo, shi kaɗai a kan ruwa. Sannan koren zaren nan ya fito a ƙarƙashinsa. Na ce alhamdu lillahi, ai mun iso. Ba mu iso ba. Na yi ta kallonsa yana ƙin matsowa. Abin da ido ya nuna mini kamar daga Hausari zuwa bakin kasuwa, sai da muka yi kusan rabin awa muna bin sa.

Muna cikin haka ƙarar ta dawo, kuma wannan karon mun ji ta duk da namu injin yana aiki. Na waiwaya. A kan layin, can baya, ga wani baƙin ɗigo, daga zaune nake ganinsa.

"Baba."

"Na gani."

"Sun gan mu?"

"Mu ƙasa muke, kuma ciyawa tana gabanmu, launinmu ɗaya da ita. Su sama ce a bayansu, shi ya sa ka gan su. Rufe baki."

Ɗigon ya yi gabas kaɗan, ya tsaya, ya dawo yamma. Nema suke yi. Ya ƙara girma har na iya rarrabe cewa abu ne dogo da ƙananan abubuwa a kansa. Na daina kallo, na sa kai a gwiwa. Sai na ji ciyawa tana shafar katako, inuwa ta rufe mu. Baba ya kashe inji, ƙanensa ya miƙe a karo na farko tun da muka juya, ya kafa gora. Kafar da suka shiga, ni ko an tsayar da ni a gabanta ba zan ce hanya ba ce. Muka kama ciyawa da hannu muna ja, tana yanka mana tafi, ta rufe a bayanmu.

Mun yi nisa kaɗan a ciki Baba ya ce a tsaya. Muka zauna cikin zafi da sauro, ba mai motsi. Injinsu ya taho har ya cika mana kunne, ya rage gudu, ya bi gefen ciyawar a hankali. Na ji muryar mutum, ban ji abin da ya ce ba. Igiyar ruwan da jirginsu ya tayar ta shigo ta cikin ciyawa ta ɗaga mu ta sauke. Sauro ya sauka a kan fatar idon Mama, tana kallona, ba ta kore shi ba. Sannan ƙarar ta yi gaba, ta yi ta raguwa.

Ba mu motsa ba sai da la'asar ta yi sanyi. Na yi azahar da la'asar a zaune. Daga nan ta cikin ƙananan hanyoyi muka bi, rabi da gora rabi da inji, muka iso bakin ruwan Baga ana kiran magariba.

Ban taɓa sanin ko su wane ne ba. Ba mu ga fuska ba, ba mu ga bindiga ba. Wani a bakin ruwa ya ce wataƙila masu sintiri ne, na yi asarar banza. Wani ya ce a makon nan an ƙwace wa wasu inji a wannan yankin. Duka biyun na iya zama gaskiya. Na sha juya abin a raina, kuma ko yau aka mayar da ni wurin da abin da muka sani a lokacin, zan tura kwalayen.

Da safe Baba ya tara masu kaya a gindin jirgi ya faɗi abin da ya faru, bai rage nasa laifin ba, bai rage nawa ba. Ya ce a al'adar ruwa, in an zubar da kayan wani don jirgi ya tsira, waɗanda nasu ya iso sukan kama masa, amma ba dole ba ne. Ɗaya daga cikin dilolin Baga ya ce shi ba ya wurin, kuma ba shi ya ce a yi lodi har sama ba. Ya kwashe nasa ya tafi, ban ga laifinsa ba. Ɗayan ya tura mini kwali ɗaya da ƙafa. Mama ta sa aka ware biyu daga nata.

"Na ƙasa ne," ta ce. "Sun ɗan sha ruwa. Ka san wanda ya jawo."

"Mama, na gode. Allah ya saka."

"Amin. Ka shanya su kafin ka rufe, kada su yi fumfuna."

Baba ya mayar mini da abin da na ƙara masa, da kuɗin dakon kwalayen da ba su iso ba. Na ce ya bari, ya ce ba ya cin kuɗin kayan da ke cikin ruwa.

Ga yadda lissafin ya tsaya. Arba'in da biyu na ɗora. Ashirin da biyu suka tafi. Ashirin suka iso, huɗu daga ciki mun farfasa su da zama, sai a kwano na sayar da su. Uku aka ba ni. Kwali ashirin da uku na sauke a Maiduguri, na tarar kifi ya yi ƙaranci a makon, farashi ya ɗaga, na sayar cikin kwana biyu. Da na ware kuɗin mota da na masu dako, abin da ya dawo hannuna ya kai kashi biyu cikin uku na abin da na zuba. Riba babu, sulusin jarina ya tafi. Abin da ya rage ya isa in sake sari, kuma mu huɗu da muka shiga jirgin, mu huɗu muka fita.